Yadda ake koyar da gudanar da furoje ga ɗaliban kasuwanci cikin zango ɗaya

'Yan'uwa malamai daga Ngaundere, Marwa da Garwa a Kamaru, har da wasu daga Njamena, suna ta maimaita mini tambaya ɗaya: an danƙa mini darasin gudanar da furoje (wato tsararren aiki mai farko da ƙarshe), ɗalibai sun cika amfi (babban zauren lacca), kwamfutoci babu, ta ina zan kama? Amsata a gajarce ita ce ku ba su aiki na gaske tun makon farko, ƙarami, mai ranar ƙarewa da kuɗin da za a ƙirga, sannan ku riƙa kawo kowane kayan aiki a ranar da aikin nasu ya buƙace shi. Ga yadda nake jera matakan, a kan zango mai makonni 12. Wanda zangonsa ya gaza haka ya matse mataki na bakwai da na takwas, amma kada ya taɓa jerin.

1. Kayan da za ku tanada kafin shiga aji

Ba kwa buƙatar na'urar haska bango. Ku nemi faffaɗar takarda, ta kwali ko ma takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, da maka kala uku, da salatif, da tarin tsofaffin takardu da za a yayyanka kamar girman tafin hannu. Kowace ƙungiya ta sayi littafin rubutu guda mai kauri, shi ne littafin furojenta, kome a ciki za a rubuta. Kuɗin da ke cin ɗalibai shi ne na fotokofi da na data, saboda haka ku taƙaita abin da za ku raba zuwa shafi biyar ko shida na fom ɗin da za su cike, ku ba delege, wato wakilin aji, kwafi ɗaya ya kai wurin mai inji, sauran bayani ya bi ta rukunin WhatsApp na aji.

Gargaɗi: kada ku rubuta folikofi, wato kundin darasi, mai shafi 80 ku raba a ranar farko. Za su haddace shi, su zuba muku shi a jarrabawa, su fita ba su iya tsara ko taron suna ba.

2. Kafa ƙungiyoyi, mako na 1

Mutum biyar ko shida a kowace ƙungiya. In sun kai goma, uku ne za su yi aiki, saura su zo ranar gabatarwa da guga a jikin riga. Ku ne za ku haɗa su, kada ku bari su zaɓi juna, don in kun bari 'yan gari ɗaya za su dunƙule, 'yan Cadi su ware gefe, mata su koma ƙungiya ɗaya. A wurin aiki ba wanda zai tambaye su da wa suke son zama. Bafulatani da Tupuri da Bahaushe da Balaraben Shuwa a tebur ɗaya, da Faransanci a tsakaninsu, wannan ma wani ɓangare ne na darasin.

Muƙamai huɗu sun isa: jagora, ma'aji, magatakarda, da mai lura da kwanaki. A riƙa juya jagorancin duk bayan mako biyu.

Gargaɗi: ku sa ido, sau da yawa ɗalibai maza kan miƙa wa mace biro su ce ke ce magatakarda, shi ke nan har ƙarshen zango. Ku rubuta jerin juyin jagoranci da hannunku, sunan kowa ya fito.

3. Zaɓen aikin, mako na 1 da na 2

Nan ne darasin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka kada ku yi hanzari.

Da farko ku raba musu furoje da aikin yau da gobe. Yawancinsu in sun ji kalmar, farar motar ƙungiyar agaji ce ke faɗo musu a rai. Ku tambaye su: mai shagon da ke buɗewa kullum da safe, furoje yake yi? A'a. Ranar da ya yanke shawarar buɗe shago na biyu a wata unguwa kafin Sallah fa? Wannan furoje ne, domin yana da farko, yana da ƙarshe, yana da abin da za a nuna a ce ga shi an gama, kuma kuɗinsa a ƙayyade yake. Minti 20 sun isa wannan bayani.

Sai kowace ƙungiya ta kawo shawara uku, ku tace su da sharuɗɗa huɗu. Aikin ya ƙare cikin makonni 8. Kuɗinsa kada ya wuce abin da za su iya tarawa ba tare da sun matsa wa iyayensu ba. Ya kasance akwai wani mutum a wajen ƙungiyar da zai karɓi aikin ya ce ya yi ko bai yi ba. Kuma ya kasance inda ƙafa ko ɗan mashin zai kai su. Irin waɗanda na ga sun yi kyau: baje kolin kayan da ɗalibai ke sayarwa na kwana ɗaya, ƙirga kaya da tsara littafin shiga da fita ga wani mai shagon kayan masarufi, binciken farashin albasa a kasuwanni uku don wata ƙungiyar manoma, gyaran ɗakin karatu na sashe. Irin waɗanda ya kamata ku ƙi kuwa su ne "kafa masana'antar sarrafa tumatir" da "rage zaman banza tsakanin matasa". Na farko ya fi ƙarfinsu, na biyu ba shi da ranar ƙarewa.

Bayan an zaɓa, su rubuta takardar yarjejeniya, shafi ɗaya tak: me za a miƙa, ga wa, ran nawa ga wata, da nawa, da kuma sahu na musamman mai taken abin da ba ya cikin aikin. Wannan sahun na ƙarshe shi ɗalibai ke tsallakewa, kuma shi ne zai cece su ranar da mai shago ya ce, tunda kun ƙirga kayan, ku ɗan karɓo mini bashin da nake bin mutane mana. Mai aikin ya sa hannu, ku ma ku sa.

A takardar su jera masu ruwa da tsaki da sunan muƙaminsu. A cikin jami'a shugaban tsangaya ne da shugaban sashe da masu gadi. A gari kuwa akwai jauro ko lawan na unguwa, da sarkin kasuwa, wani lokaci har fadar lamido, kuma taron jama'a a wajen harabar makaranta sai an sanar da ofishin sufurefe, wato wakilin gwamnati a gundumar, tun da wuri. Littattafan da ake kawo mana daga Faransa ba su san jauro ba, ku ne za ku sa shi a ciki.

Gargaɗi: a jihar Arewa Mai Nisa kada ku amince da aikin da zai kai ɗalibi ƙauyukan bakin iyaka na Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga ko Logone da Shari, komai kyan shawarar. Maki bai kai ran ɗan mutum ba.

4. Yayyanka aikin, mako na 3

A manna faffaɗar takardar a bango. A sama a rubuta abin da za a miƙa. Ƙarƙashinsa manyan sassa huɗu ko biyar, misali ga baje koli: izini, kuɗi, masu baje kaya, wuri, talla. Ƙarƙashin kowane sashe sai ƙananan ayyuka, kowanne a kan 'yar takardarsa. Ana ci gaba da yankawa har sai kowane guntu ya zama abin da mutum ɗaya zai iya gamawa cikin mako ɗaya ko ƙasa da haka, kuma a iya cewa nawa zai ci.

Ku zagaya kuna karanta takardun. In kun ga an rubuta "talla", ku cire ta ku tambaya: talla me? Sai ta zama zana fosta, kai wa mai bugawa, karɓowa, mannawa a ƙofar amfi da wurin cin abinci. Kowane guntu ya fara da aikatau, kuma a rubuta sunan mutum ɗaya a kusurwarsa. Ɗaya, ba biyu ba. Duk aikin da aka rubuta wa "mu duka", ranar da za a tambaya kowa zai kalli ɗan'uwansa.

Gargaɗi: a wannan mako ba a maganar kwanan wata. Da zarar an fara cewa ran Talata za mu yi kaza, hankali ya bar neman ayyukan da aka manta, kuma abin da aka manta a nan ba zai shiga kasafi ba.

5. Wanne ke jiran wanne, da ƙidayar kwanaki, mako na 4 da na 5

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma da hannu ake yin sa. A cire 'yan takardun daga bango, a shimfiɗa su a tebur daga hagu zuwa dama, ana tambaya ɗaya a kan kowacce: me ya wajaba a gama kafin a fara wannan? A ja kibiya tsakaninsu.

Sannan a ƙiyasta kwanaki. Ɗalibi kullum yana ba da lissafin ranar da komai ya tafi daidai. Maganin wannan shi ne lissafin PERT mai lamba uku: in an yi sa'a kwana nawa, a bisa al'ada kwana nawa, in abu ya ɓaci kwana nawa. A haɗa na farko da na ƙarshe da na tsakiya sau huɗu, a raba da shida. Takardar neman izini, alal misali: in an yi sa'a kwana 4, a al'ada 9, in mai sa hannu ya yi tafiya 20. Wato 4 da 36 da 20, jimla 60, a raba da 6, kwana 10. Ɗalibin da ya ce kwana 4 da farko zai ga da idonsa inda kwana 6 suka ɓuya.

Ga misalin da nake bi da su a allo, lambobin na koyarwa ne. Samun izini kwana 10. Neman masu tallafi kwana 14, sai an sami izini. Rajistar masu baje kaya kwana 7, ita ma sai da izini. Hayar rumfuna da kujeru kwana 3, tana jiran kuɗin tallafi da kuma adadin masu baje kaya. Kafa wuri kwana 1, bayan rumfuna sun iso. Buga fosta da yaɗa talla kwana 5, yana jiran kuɗin tallafi.

Hanyoyi uku ne daga farko zuwa ranar taro. Izini, rajista, rumfuna, kafawa: kwana 21. Izini, tallafi, rumfuna, kafawa: kwana 28. Izini, tallafi, talla: kwana 29. Wadda ta fi tsawo ita ce matsattsiyar hanya, ita ke yanke ranar da za a gama, kuma duk kwana ɗaya da aka rasa a kanta ya tura taron gaba da kwana ɗaya. Ku tsaya nan ku bar su su kalla. Kusan kullum hankalinsu yana kan rumfuna da kujeru, don su ne ake gani, alhali fosta ce ba ta da sararin ko kwana ɗaya. Rumfuna suna da rarar kwana 1. Rajista kuwa tana da rarar kwana 8, tunda za ta iya ƙarewa ran kwana na 17 amma ba a buƙatarta sai ran na 25. To wanda aka ba rajista me zai hana shi taya masu neman tallafi a makon farko? Ranar da wani ɗalibi ya yi wannan tambayar da kansa, darasin ya shiga.

Sai bayan haka a zana jadawalin Gantt a takarda mai layi: ayyuka a jere a hagu, kwanaki a sama, sanda a gaban kowane aiki, matsattsiyar hanya da jan maka. A kan jadawalin a toshe ranakun da ba a aiki: 11 ga Fabrairu, 20 ga Mayu, ranakun Sallah, makon gwajin sauran darussa, da yammacin Juma'a. In azumi ya faɗo cikin zangon, kowa ya san aikin rana yana raguwa, a rubuta shi a lissafi tun yanzu.

Gargaɗi: kada ku fara da Gantt. Ɗalibin da ya zana sanduna kafin ya ja kibiyoyi, zane kawai ya yi, in aiki ɗaya ya makara ba zai iya gaya muku waɗanne ne za su bi shi ba.

6. Kasafi da abin da ka iya tasowa, mako na 6

Kasafi daga 'yan takardun nan yake fitowa, guntu-guntu, sannan a tara. Ba a yarda da farashin da aka zauna a ɗaki aka ƙago ba. Kowane layi mai nauyi sai sun je sun tambayi mutum biyu ko uku, sun rubuta ranar da suka tambaya. Abubuwan da suke mantawa kullum: kuɗin mashin, katin waya, kuɗin cirewa na Orange Money ko MoMo, ruwan sha, da ɗan abin da za a ba wanda ya ɗauko kujeru. A ƙara kashi 10 cikin 100 a ajiye gefe, kuma ba a taɓa shi sai da sa hannun jagora da ma'aji tare.

Haɗari kuwa jeri ne mai sahu biyar: me zai iya faruwa, yiwuwarsa daga 1 zuwa 3, ɓarnarsa daga 1 zuwa 3, a ninka biyun, sai me za a yi kuma wa zai yi. Duk wanda ya kai 6 ko 9 sai an tanadar masa mafita a rubuce. Ku hana su kwafo girgizar ƙasa da faɗuwar darajar kuɗi daga intanet. Haɗarinmu a nan sananne ne: ɗaukewar wuta, musamman da rani in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa da ke haura digiri 40, wanda ke korar mutane daga fili tun kafin azahar, ruwan sama a Ngaundere da ke iya sauka tun Afrilu, mai tallafin da ya ce in sha Allahu gobe har sau biyar, da ɗan ƙungiyar da aka yi wa rasuwa ya tafi gida mako guda.

Gargaɗi: kuɗin ƙungiya kada ya bi ta hannunku ko kaɗan. Ma'aji ya riƙe, kowane sisi da rasit ko sa hannun mutum biyu a littafi.

7. Kwamfuta, zama ɗaya

Zama ɗaya na TD, wato darasin gwada aiki a aji, ya wadatar. GanttProject da ProjectLibre kyauta ne, suna aiki ba intanet, kuma ana iya juya su zuwa Faransanci. Ku sauke su sau ɗaya ku zagaya da su a filas. Ƙungiyar da ba ta da kwamfuta ta yi da Excel ko Google Sheets a waya. Microsoft Project na kuɗi ne, kuma babu abin da ɗalibin lisans, wato digirin farko, zai yi da shi wanda waɗancan ba su yi. Aikin zaman shi ne su shigar da abin da suka riga suka lissafa da hannu, su ga ko injin ya ba su kwana 29 ɗin nan. In bai ba su ba, akwai kibiyar da suka manta.

8. Bibiya, mako na 7 zuwa na 11

Yanzu suna cikin aikin, ku kuma aikinku ya koma tambaya. Kowane mako, kowace ƙungiya minti biyar a tsaye: me aka gama, me ya makara, nawa aka kashe, me za a yi mako mai zuwa. In aji ya yi yawa, rabi su yi a baki, rabi su turo hoton shafin littafinsu, mako na gaba a juya.

Kalmar da za ku yaƙa ita ce "mun kusa". Aiki ko an gama ko ba a gama ba. Ku koya musu lissafi ɗaya mai sauƙi. A ce kasafin jaka 100 ne. A tsakiyar lokaci an tsara a gama rabin aiki, wato na jaka 50. Da aka duba, aikin da aka gama na jaka 30 ne, kuɗin da aka kashe kuwa jaka 45. Ma'aji zai ce muna lafiya, ba mu kai 50 ba. Ba lafiya ba ce. Kowace jaka 45 tana haifar da aikin jaka 30, in aka ci gaba a haka aikin jaka 100 zai ci jaka 150, ga shi kuma an makara. Ɗaliban kasuwanci suna kama wannan da sauri, don lissafin riba da faɗuwa ne da suka saba.

Duk canjin da aka nema, daga mai aiki ko daga cikin ƙungiya, a rubuta shi a littafi da amsar tambaya biyu: kwana nawa zai ƙara, nawa zai ci? Sannan a yanke.

A ɗaya daga cikin makonnin nan ku fitar da su waje. Ma'aikatar tattalin arziki da tsare-tsare tana wallafa jerin ayyukan kasafin zuba jari na gwamnati kowace shekara, gari-gari. Kowace ƙungiya ta zaɓi ɗaya kusa da ita, ginin aji ko rijiyar burtsatse, ta je ta karanta allon da aka kafa a wurin: wa ya ba da aikin, wa ke yi, daga ina kuɗin, wata nawa aka ɗiba. Su dawo su zana yadda su za su tsara shi. A nan ne kuma ya dace ku nuna musu kadar lojik, teburin da masu ba da tallafi irin Tarayyar Turai ke nema: babban buri, manufa, sakamako, ayyuka, kowanne da ma'auninsa da inda za a tabbatar da shi da abin da aka ɗauka zai tabbata. Da yawansu a ƙungiyoyin agaji za su nemi aiki, za a tambaye su shi.

Gargaɗi: ziyarar ta karatu ce. Su gaida mai gadi da shugaban ma'aikata, su nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma kada su rubuta zargi a kan kowa a rahotonsu.

9. Rufewa da ba da maki, mako na 12

Mai aikin ya karɓa ya sa hannu a ƙasan takardar yarjejeniyar nan ta farko. Ma'aji ya rufe lissafi, in akwai ragowa a mayar wa masu ita a gaban kowa. Sai rahoto na shafi biyar: jadawalin farko kusa da abin da ya faru a zahiri, kasafin farko kusa da abin da aka kashe, da dalilin kowane bambanci.

Makin aikin aji a kan gudanarwa za ku ba da shi, ba a kan ko taron ya cika ba. Ƙungiyar da ruwa ya tarwatsa wa baje koli, amma ta rubuta haɗarin tun mako na 6, ta tanadi ɗaki, ta kwashe kaya cikinsa, ta fi wadda komai ya tafi mata daidai amma littafinta fari fat. Ni nakan ba littafin furoje da rahotannin mako rabin makin, rahoton ƙarshe da gabatarwa kashi 30, sauran kashi 20 kuma daga makin da 'yan ƙungiya ke ba juna a asirce, kowa a takardarsa a ninke. Ku sanar da wannan rabon tun ranar farko, kuma ku daidaita shi da ƙa'idar sashenku. Wajen gabatarwa ku ne za ku nuna wanda zai amsa kowace tambaya, kada ku bar mai bakin ƙungiya ya amsa duka.

A jarrabawar ƙarshe ku rage tambayar ma'anar kalmomi. Ku ba su jerin ayyuka takwas da kwanakinsu, su fitar da matsattsiyar hanya da rarar kowane aiki, sannan ku ce aiki kaza ya makara da kwana 3, me zai faru da ranar gamawa. Wanda ya tambaye ku takardar shaida ta ƙasa da ƙasa, ku gaya masa akwai CAPM ta cibiyar PMI da ke Amurka, tana neman shaidar gama sakandare da awa 23 na karatun gudanar da furoje, kuma kuɗin jarrabawarta da dalar Amurka ake biya, don haka ya fara tambayar wuraren da yake son aiki ko suna nemanta kafin ya kashe kuɗinsa. Littattafan furojen kuwa kada ku mayar musu duka. Ku nemi izinin ƙungiyoyi biyu ko uku ku riƙe nasu, har da wanda ya sha gyara da jan biro, ku buɗe wa ɗaliban shekara mai zuwa a makonsu na 2.